Amsa: Fitar da samfurin PyTorch zuwa ONNX

Malam, ka tambayi dalilin da sakamakon samfurinka ya sauya bayan ka mai da shi ONNX daga PyTorch, manhajar Python ta gina samfuran koyon na'ura. ONNX, tsarin fayil na kai samfuri daga wata manhaja zuwa wata, wanda Facebook da Microsoft suka fara a 2017, taswirar lissafi da ƙimomin da samfurin ya koya kawai yake ɗauka, ba ya ɗaukar lambar Python ɗinka.

Da farko ka tabbata ka kira model.eval(), wanda ke fitar da samfurin daga yanayin horo, kafin torch.onnx.export. In ba haka ba, sassan samfurin irin su Dropout da BatchNorm za su iya fita da halinsu na lokacin horo. Sannan duba ko akwai if a cikin forward, wato lambar da ke lissafa sakamakon samfurin. Tsohuwar hanyar fitarwa bin sawu take yi, reshen if ɗin da misalin bayanan da ka ba ta ya bi shi kaɗai take rubutawa, ɗayan ya ɓace. Ni a ganina a nan matsalarka take.

Ka sa dynamic_axes don kada girman batch, wato yawan bayanan da ake ba samfurin a lokaci guda, ya daskare. Ka ba PyTorch da ONNX Runtime, manhajar da ke tafiyar da fayil ɗin ONNX, bayanai iri ɗaya ka kwatanta sakamakonsu. A float32, wato lambobi masu bit 32, bambancin 1e-5 (0.00001) ba abin damuwa ba ne. In manhajar TensorFlow za ka kai samfurin, TensorFlow NHWC yake jera hoto (launi bayan tsawo da faɗi), PyTorch kuwa NCHW (launi kafin tsawo da faɗi).