Amsa ga mai tambaya kan tumatirin da furensa ke zuba

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce a watan Maris kika shuka tumatir a bokitai a tsakar gidanki a Kano, ya yi ganye shar, ya yi fure, amma furen sai ya bushe ya zube, ko ɗa ɗaya bai kama ba. Kin kuma tambayi maganin da za ki fesa, har da na ƙadangarun da suka dame ki.

Ki ajiye kuɗin maganin nan tukuna. Abin da ya same ki ya same ni shekarar da na fara, har na ce hannuna ne ba shi da albarkar shuka. Wani dattijo da ke kawo mana kayan miya, manomin rani ne daga wajen Kura, ya leƙa bokitaina ya yi dariya, ya ce, "Hajiya, ai lokacin da kika shuka mu muna tattara namu ne." Tumatir ba ya son zafin bazara. Idan rana ta kai wajen digiri 35, dare kuma bai yi sanyi ba, furen ba ya ɗaukar ɗa, sai ya faɗi. Kin kuwa san Afrilun Kano, 40 ba abin mamaki ba ne. Ga simintin tsakar gida da katanga suna mayar da zafi, bokitin roba kuma ya ɗau rana har saiwa ta dahu a ciki. Shi ya sa masu noman rani na Kadawa da Kura da Garun Malam, waɗanda ke shan ruwan Tiga, suke cin kasuwarsu da hunturu, kuma shi ya sa tumatir ke tsada idan damina ta kama.

Ni yanzu a Oktoba nake yafa iri a tsohuwar roba, bayan sati uku zuwa huɗu in dasa, Janairu da Fabrairu muna tsinka. Bokitin fenti babba, ƙafa ɗaya tak a ciki. Na san ido yana so ya ga guda uku, amma cinye juna suke yi. Ki huda ƙasan bokitin sosai. Ƙasar kuma nakan haɗa ta da yashi da takin awaki wanda ya ruɓe, har in kin damƙa ba ki jin wari. Kashin kaji ɗanye ya taɓa ƙone min shuka goma a kwana biyu, tun daga nan sai ya yi watanni a jibge kafin in taɓa shi. Iri kuwa, UTC ko Roma na cikin leda ya fi min wanda nake matsewa daga tumatirin kasuwa, don wani in kin shuka 'ya'yansa ba ya fitowa kamar uwarsa.

Waɗanda kike da su yanzu, in kina jin tausayinsu ki matsar da su inda za su sha ranar safe kawai, ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa, ki dinga ba su ruwa da asuba kullum ba fashi. Wataƙila ki sami 'yan ƙwaya. Ni dai da zan ba ki shawara, ki cire rabi ki zuba kuɓewa da alayyahu. Su zafin nan bai dame su ba in dai akwai ruwa. Alayyahu cikin sati huɗu kin fara yanka. Da ruwan sama ya sauka ki ƙara yakuwa da rama da lalo. Zogale kuwa ko reshe kika kafa a gefen katanga zai kama, sai dai ki riƙa sare kansa, in ba haka ba ya miƙe ya fi ƙarfin hannunki. Nawa ruwan alwala da na wankin shinkafa kawai yake sha. Ruwan wanki mai omo ne ba na yarda ya je gindin komai.

Sai batun ƙadangare, a nan ne za mu ɗan saɓa. Gaskiya ne yana tsinke ƙananan tsiro, musamman da rani in ya rasa ɗanyen abu, kuma yana lasar tumatirin da ya nuna. Amma in kika rufa wa irin tsohon gidan sauro har ya yi ƙarfi, ya raba ku faɗa. Ki zauna ki kalle shi wata rana da hantsi, ki ga yawan tururuwa da fara da tsutsar da yake kamawa. Akwai shekarar da na saurari mai shagon magani, ya ba ni wani ruwa mai wari na feshe gidan kaf. Ƙwari sun mutu, ƙudan zuman da ke zuwa furen kabewata ma suka ɗauke ƙafa, kabewar ta yi ta yaɗo babu ɗa. Bayan sati uku darɓa, 'yan ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye, ta dawo fiye da da, don na kashe masu cin ta. Ga shi a gidan akwai jikoki masu tsinkar ganye su kai baki.

Tun daga lokacin darbejiya ce maganina. Nakan daka busassun 'ya'yanta kamar cikin gwangwanin madara biyu, in jiƙa a ƙaramin bokiti ya kwana, in tace, in sa ɗan sabulu kaɗan don ya kama ganye, in fesa da yamma bayan ƙudan zuma sun tafi, har ƙarƙashin ganyen. Ba ya kashewa nan take, sai kin maimaita duk mako. Abu biyu ne ban cika jira ba. In kin ga ganyen sama ya ƙanƙance ya nannaɗe ya yi rawaya, kuma in kin girgiza wasu ƙananan fararen ƙudaje suna tashi, cuta ce suka sa masa, ba ta warkewa, ki tuge ki fitar da shi daga gidan. In kuma kin ga fari-farin zane a cikin ganye kamar an kankare shi, da 'yar tsutsa a ciki, ita ce manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa a 2016. Ki tsinke ganyen da ta shiga ki ƙone tun tana kaɗan.

Wani abu da ban yi zato ba lokacin da na fara: na ajiye fasasshen kasko da ruwa a gindin gwanda don ƙadangarun su bar min tsiro, sai ga baƙi. Kurciya biyu kullum bayan la'asar, sai baiwar Allah, 'yar jar tsuntsuwar nan da ba ta tsoron mutane, ta zo da mijinta suna tsince-tsince har kusa da tabarmata. Ranar da na ɗaga wani bokiti na tarar da kwaɗo a lafe a cikin danshi, na mayar masa da rufinsa, don shi ke aikin dare. Ƙoƙi-ƙoƙi ma na hana yara kashewa. Da damina malam-buɗe-littafi ya cika kan lemun tsami, ko da yake tsutsarsa ce ke cin ganyen, sai in tsince wasu in bar wasu. Ruwan kaskon dai ki sauya shi duk kwana biyu saboda sauro.

Mai gidana da farko cewa yake na mayar masa da gida jeji. Yanzu shi ke riga ni fitowa da kujera bayan sallar asuba, yana shan shayi da na'a-na'ar da ya tsinka da hannunsa, yana ba ni rahoton wace kuɓewa ce ta isa yanka.

In Allah Ya kai mu Oktoba ki yi min magana, ina da ragowar irin ɗoɗɗoya da attaruhu, zan aiko miki.