Amsa ga uwar da ɗanta zai shiga aji shida

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Tun jiya na ga tambayarki, inda kika ce yaronki zai shiga aji shida, ajin ƙarshe na firamare, kina son sanin me da me ake koya musu a wannan shekara, kuma ko sai kin ɗaukar masa malamin lesin. Wasu sun riga sun jero miki sunayen darussa, kuma ba su yi kuskure ba. Sai dai sunan darasi kawai ba ya nuna wa uwa inda ɗanta zai yi tuntuɓe. Na daɗe ina riƙe da wannan aji kafin in ajiye alli, don haka ki yi haƙuri, bayanin zai ɗan yi tsawo.

Sabon abu a aji shida bai da yawa. Galibinsa abin da aka taɓa ne a aji huɗu da aji biyar, a dawo da shi, a ƙara masa nauyi, a ƙulla shi da wani darasin. Yaron da ya saba a rubuta masa 48 a raba gida 6 ya ce 8, yanzu sai a naɗe masa lissafin cikin labari, shi zai tono da kansa ko rabawa ake so ko ninkawa. A nan gizo ke saƙar. Shi ya sa za ki ga yaron da yake ta ɗaukar na ɗaya a ƙananan azuzuwa ya zo nan ya fara ja da baya, iyaye su ce wasa ya yi masa yawa, alhali wani rami ne da aka tsallake tun baya aka zo ana biyan bashinsa.

Bari in fara da lissafi, don shi ya fi ba iyaye tsoro. Za su yi manyan lambobi har zuwa miliyoyi, da doguwar ninkawa da doguwar rabawa. Za su yi awo: mita da santimita, kilo da giram, lita, sa'a da minti, da yadda ake mayar da wannan zuwa wancan. Za su auna kewayen fili da faɗinsa, su san kusurwoyin alwatika uku in an tara su digiri 180 ne, na mai kusurwa huɗu kuma 360. A wasu manhajojin har da'ira ake aunawa da 22/7. Akwai fitar da matsakaici, da karanta jadawali da zanen ginshiƙai, da ɗan ɗanɗanon aljabara, inda harafi ke tsayawa a madadin lambar da ba a sani ba, kamar a ce n + 7 = 15, nemo n. Duk waɗannan yaro mai natsuwa yana kama su. Uwar darasin ita ce kaso, wato lissafin rabi da sulusi da rubu'i, tare da 'yan'uwansa biyu, lissafin ɗigo da kashi cikin ɗari. Abin da ake so yaro ya gane shi ne 1/4 da 0.25 da kashi 25 cikin ɗari duk mutum ɗaya ne ya sauya riga.

Ba na manta wata yarinya, mai tsabtar rubutu ƙwarai, da na ba su rabi a tara da sulusi. Ta tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ta rubuta 2/5, har da jan layi biyu da rula. Ban ce mata ba daidai ba ne. Na yago takarda na naɗe ta gida biyu, na ce riƙe wannan, rabi ke nan ko? Ta ce eh. Na ɗauko wata irinta na raba gida biyar, na ba ta biyu, na ce ɗora a kan na farkon. Ta ɗora, ta ga bai kai rabin ba. Na ce to yaya aka yi kina da rabi, aka ƙara miki wani abu, kika tashi da ƙasa da rabi? Ta yi zuru tana kallon takardun. Daga nan ne ta yarda ta saurari dalilin da ya sa sai an mayar da su gida shida, uku da biyu, a sami 5/6. Da na fara da dokar, da ta haddace ta a ranar ta zubar kafin mako ya zagayo.

Gwada ɗanki da wannan: tsakanin 0.5 da 0.25 wanne ya fi girma? Yara da yawa za su ce 0.25, wai don 25 ta fi 5. In ya faɗi haka kin gano ramin. Haka kuma haddar sau. Yaron da har yanzu yake lissafa 7 sau 8 da yatsu a ƙarƙashin benci, doguwar rabawa za ta wahalar da shi, ba don bai gane hanyar ba, sai don ƙarfinsa yana ƙarewa a ƙananan matakai kafin ya kai ƙarshe. Wannan kam a gida ake gyara ta, minti biyar kullum, a tsallake-tsallake ba a jere ba.

Amma in za ki tambaye ni darasin da ya fi kayar da yara a lissafi, zan ce miki karatu ne. Na taɓa ba aji wannan tambaya: ɗalibai 130 za su tafi yawon buɗe ido, kowace mota tana ɗaukar 40, motoci nawa za a nema? Wani yaro da babu mai kama shi a lissafi ya rubuta 3.25. Wasu suka ce 3 saura 10. Na kira shi na ce je ka kawo mini rubu'in mota in gani. Aji ya fashe da dariya, shi ma ya yi dariya, ya ce malama ai huɗu ne. Rabawarsa babu kuskure ko ɗaya. Lambobin kawai ya tsinta ya bar labarin.

To wannan ne ya sa nake ɗora darasin harshe a kan komai, ko da wane harshe ake koyarwa a makarantar, Turanci ne ko Faransanci ko Larabci ko harshen gida. A aji shida an wuce matakin a ce yaro ya iya haɗa baƙi. A auna fahimta, a da sai ya duba layi na uku ya kwafo amsa. Yanzu za a tambaye shi me ya sa mutumin cikin labarin ya yi shiru, ko me marubucin yake nufi da kalma kaza a wannan wuri, amsar kuwa ba a rubuce take ba, sai ya haɗa wannan da wancan. Ana koya musu taƙaita labari, wanda ya fi wuya fiye da yadda ake zato, don yaro gani yake kowace jimla tana da muhimmanci. A insha'i ana so ya cika shafi da sakin layi uku ko huɗu masu bin juna, ya san bambancin wasiƙar da zai rubuta wa abokinsa da wadda zai rubuta wa shugaban makaranta. Sai nahawu, da lokutan aiki, da aya da waƙafi da alamar tambaya, da shifta. Ki ba shi ɗan gajeren labari ya karanta, ki karɓe littafin, ki ce ya ba ki labarin da bakinsa, da harshen da kuke yi a gida ma. In ya iya, hankalinki ya kwanta. In kuwa ya karanta tiryan-tiryan kamar mai labarai a rediyo amma ya kasa gaya miki abin da ya faru, to wannan ya fi kowane jan biro a lissafi zama abin damuwa.

Kimiyya ita ce yara suka fi so, in an sami malamin da ba ya mayar da ita kwafar allo. Ana yin jikin ɗan Adam: zuciya mai ɗakuna huɗu da yadda take tura jini, huhu da numfashi, hanyar da abinci ke bi daga baki zuwa ciki zuwa ƙaramin hanji da babban hanji, ƙasusuwa 206 na babban mutum, haƙoran nono 20 da na girma 32. Ana yin tsirrai da yadda ganye ke haɗa abincinsa da hasken rana da ruwa da iska, da zagayen ruwa daga tururi zuwa gajimare zuwa ruwan sama, da maganaɗisu, da lantarki: batir, waya da ƙwan fitila, in an yanke waya ɗaya wuta ta ɗauke. Sai duniyoyi takwas masu zagaya rana. In ke tara aka koya miki kada ki yi masa gardama, an cire Fuluto daga jerin tun 2006. Na taɓa samun uban da ya gyara wa 'yarsa jinga ya mayar da takwas tara, sai da muka zauna da shi.

Ki lura da yadda darussan ke shiga cikin juna. Nakan sa su dafa wuyan hannu su ƙirga bugun jini na daƙiƙa 15, su ninka sau huɗu su sami na minti ɗaya, su fita su yi gudu su dawo su sake ƙirgawa, sannan su zana sakamakon a jadawali. Kimiyya ce, lissafi ne, motsa jiki ne, duk a darasi guda. Duniya tana zagaya rana a kwana 365 da kusan rubu'i, rubu'i huɗu ya ba da kwana guda, shi ne Fabrairu ke yin 29 kusan duk bayan shekara huɗu. Yaron da bai gane rubu'i ba haddace wannan zai yi kamar aku. A labarin ƙasa kuma, bayan nahiyoyi bakwai da tekuna da gabas da yamma, za a ba shi taswira a ce santimita 1 na nufin kilomita 10, ya auna tsakanin gari biyu da rula ya faɗi nisansu. Lissafin gwargwado ne ya biyo shi har nan.

Akwai kuma darasin balaga, don shekarun nan, sha ɗaya zuwa sha biyu, su ne jiki ke fara sauyawa. Makarantu da yawa suna taɓa shi a kimiyya ko kiwon lafiya. Gara ya fara jin maganar daga bakinki ko na babansa kafin ya ji ta a bakin abokai.

Sauran ba zan tsaya a kansu ba. Tarihin ƙasa da tsarin mulkinta da haƙƙin ɗan ƙasa, addini ko tarbiyya, zane da sana'ar hannu, wasanni, kwamfuta inda ake da ita. Waɗannan su ne suka fi bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har daga makaranta zuwa makaranta. Ki je ki roƙi malamin ajin ya nuna miki tsarin darussan kowane zango, ki ɗauki hotonsa da waya. Babu malamin kirkin da zai hana ki. Abin da ya dame ni da su shi ne, da zarar jarrabawar shiga sakandare ta matso su ake fara yankewa, a kwashe lokacin zane da wasanni a ba lissafi.

Ni ma na yi wannan kuskuren, ba zan ɓoye ba. A shekaruna na farko zango biyu cur na kwashe ina ɗura musu tsofaffin tambayoyin jarrabawa, zaɓi ɗaya cikin huɗu, safe da rana. Sun ci kuwa, har aka yaba mini. Bayan shekara ɗaya ɗaya daga cikinsu ya kawo mini ziyara da littafinsa na sakandare, na buɗe na ga jan biro ko'ina. An ce ya rubuta shafi guda a kan abin da ya gani a hanyar makaranta, ya yi layi huɗu ya tsaya. Na koya masa zagaye amsa, ban koya masa gina jimla ba. Tun daga ranar na mayar da tsofaffin tambayoyi zuwa makonnin ƙarshe, don su saba da lokaci da tsarin takarda kawai.

Batun lesin kuwa, kada ki yi gaggawa. Ki fara gwada shi da abubuwa ukun nan, labarin da zai maimaita da bakinsa, da 0.5 da 0.25, da tambayar motocin. In ya wuce su ba ya bukatar kowa, ya sami barci isasshe da littafin labari a hannu ya wadatar. In ya faɗi, to ki nemi malami, amma ki gaya masa takamaiman abin da kike so ya gyara, kuma ki yarda ya koma da shi littafin aji huɗu in ta kama. Yawancin masu lesin maimaita darasin ranar suke yi, yaro ya dawo a gajiye a sake ɗora masa abin da bai gane ba da safe. Ki kuma riƙa buɗe littafin aikinsa ba don duba maki ba, ki ga wane irin kuskure ne yake ta dawowa.

In kin gwada shi, ki rubuto amsar da ya bayar yadda ya faɗe ta, kada ki gyara masa, sai in gaya miki daga inda za a fara. Allah ya raya mana su.