Ƙwallon bolin: in sayi nawa ko in ci gaba da na gidan wasa?

Tambaya daga wani ɗan'uwa a unguwar Bukoki, Yamai, kan bolin, wasan da ake mirgina ƙwallo a kan dogon layin katako don a zubar da sanduna goma masu siffar kwalba: "Na fara wasan bolin, ina son shiga gasa. Wane ƙwallo zan sa a taho mini da shi daga waje?"

Malam, fara da takalmi tukuna. Na haya duk ƙafafunsa biyu santsi gare su. Na ɗan gasa kuwa, in da dama kake jifa, ƙafar hagu ce ke sulɓewa, ta dama tana da roba don birki. Kada ka taka waje da shi. In tafinsa ya jiƙe ko da ɗigo ɗaya ne, zai kafe lokacin jifa, ka kifa.

Sai ƙwallo. Lambar da ke jikin na gidan wasa nauyinsa ce a laba, daga 6 zuwa 16, kuma 16 ɗin ita ce iyakar doka, wato kilo 7 da giram 260. Ana yawan kwatantawa da kashi ɗaya cikin goma na nauyin jiki: mai kilo 65 ya gwada laba 14. In wuyan hannunka yana lanƙwashewa tun kafin ka sake shi, ya yi maka nauyi, ka sauko.

Abin da ya fi damunmu shi ne ramukan yatsu. Sabon ƙwallo ba ya zuwa da rami, sai gwani ya auna hannunka ya huda. Don haka kada ka aiki wani ya sa a huda maka ba ka nan. Ramin babban yatsa in ya yi faɗi, za ka riƙa damƙe ƙwallon, jifa ya karkace. In ya matse, ya saɓule maka fata.

Na roba, wato foliyesta, ya fi araha, yana tafiya miƙe, kuma shi ya dace da kai yanzu. Na rezin yana kama katako ya yi kwana. Tsawon layin daga layin jifa zuwa kwalba ta farko mita 18 ne da ɗoriya, an shafe wajen mita 12 na farko da mai. Ƙwallon ya zame a kan man, sai ya lanƙwasa ya shiga tsakanin kwalba ta 1 da ta 3, wato ta gaba da ta damanta, in da dama kake jifa. Wanda bai iya miƙaƙƙen jifa ba, wannan kwanar a kwata take kai shi. Kuma don Allah kada a bar shi cikin mota a zafin Afrilu, yana iya tsagewa.

Wata baiwar Allah daga Tawa ta ce: "Na zubar da kwalabe da yawa, amma makina bai wuce 100 ba."

Hajiya, zagaye goma ne. In kika kwashe goman da jifa ɗaya, ana ƙara miki makin jifa biyu na gaba. In da jifa biyu ne, na jifa ɗaya. Ragowar da kike bari tsaye ce ke cin ki. Ki daina kallon kwalaben, ki saita kibiya ta biyu daga gefen hannun da kike jifa, cikin kibau bakwai da aka zana a katakon.