Wai da gaske ana yin taki da iska da wutar lantarki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne daga Funtua, tsadar buhun yuriya ta ishe mu wallahi. Yarona da ke karatun kimiyya yace wai an gano yadda ake yin taki da iska da gawayi da wutar sola kawai, ba sai da babbar masana'anta ba. Dan Allah gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Yaron bai yi ƙarya ba, amma kar ka sa rai a daminar bana ko ta baɗi. Yuriya daga amoniya ake yinta, amoniya kuma daga naitirojin, wanda shine kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. To shi naitirojin ɗin nan taurin kai gare shi, ƙwayoyinsa biyu a ɗaure suke tamau, shi yasa tun 1913 da kamfanin BASF ya fara a Oppau ta Jamus hanyar Haber da Bosch, Jamusawan da suka ƙirƙiro ta, ake bi, zafi sama da digiri 400, matsi mai tsanani, ƙarfe yana taimakawa, haidirojin da ake haɗawa da naitirojin ɗin a samu amoniya kuma yau galibi daga iskar gas ake ciro shi. Masana'antar Dangote ta Lekki ma haka take yi.

Abinda yaron yake nufi, a saki lantarki cikin ruwa a hura naitirojin, sai wani siririn kabon da aka cusa wa sinadarin boron ko naitirojin ya kwance ɗaurin ba tare da ƙarfe mai tsada ba. Dangin gawayi ne, amma ba na murhu ba. Ni kaina ina son abin ya yiwu, don rana dai Allah ya hore mana ita.

Inda gizo ke saƙar, lantarkin ya fi son fasa ruwa ya fitar da haidirojin, amoniyar da ake samu 'yar mitsitsiya ce, har wadda ke cikin numfashin mai gwajin ko safar hannunsa tana iya ruɗar awo, kuma shi kansa kabon ɗin da aka cusa wa naitirojin yana iya sakin nasa a ɗauka daga iska ya fito. A 2019 masu bincike a Denmark da abokan aikinsu sun sake gwaji da naitirojin-15, wani nau'in naitirojin mai alama da ake iya gane shi idan ya fito a cikin amoniyar, ƙarafan da suka gwada cikin ruwa basu ba da komai ba, hanyar da ake amfani da litiyam, ƙarfen da ke cikin batirin waya, ce kawai ta tabbata, ita ma tana ɗakin gwaji har yanzu.

Don haka duk wanda ya kawo maka inji yace yana yin taki da iska, kar ka ba shi ko kwabo Alhaji.