Amsa: Shin littattafan Yahudawa na dā sun hana auren bare?

'Yar'uwa, kin ce kawunki ya kafa hujja da Littafin Ezra cewa Allah ya hana auren wata ƙabila, kina tambaya ko haka ne, kuma in haka ne, ya aka yi Rut, wadda bare ce, ta shiga zuriyar Dawuda. Na daɗe ina koyar da Tsohon Alkawari a makarantar sakandare, kuma da wuya shekara ta wuce ban sha wannan tambayar ba.

Kawunki bai ƙirƙiro ba, maganar tana nan a Ezra sura 9 da 10. Amma ruwa ba ya tsami banza. Wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu mutanen Babila suka rushe Urushalima suka kwashe manyan gari. Da Sairus sarkin Farisa ya ci Babila a 539, sai aka ba su izinin komawa. Waɗanda suka dawo 'yan kaɗan ne, ba su da sarki nasu, ga gonakin kakanninsu a hannun wasu. A irin wannan hali Ezra, firist kuma malamin Attaura, ya iso Urushalima, galibi ana cewa a 458, aka gaya masa har firistoci sun auri matan ƙasar. Ya yage rigarsa, ya tsige gashin kansa da na gemunsa, ya zauna jugum har yamma.

Abin da ya biyo baya ne nake sa ɗalibai su karanta a hankali. An yi shela kowa ya zo Urushalima cikin kwana uku, wanda ya ƙi a ƙwace dukiyarsa a fitar da shi daga jama'a. Ranar 20 ga wata na tara mutane suka zauna a filin Haikali suna rawar jiki, don nauyin maganar da kuma ruwan sama da ake shekawa. Su da kansu suka ce ba za a iya tsayuwa a waje ba, kuma ba aikin kwana ɗaya ko biyu ba ne. Aka naɗa masu bincike, suka yi wata uku, aka fito da sunayen maza ɗari da 'yan kai. Wata yarinya a ajina ta taɓa ɗaga hannu ta ce, "Malam, to matan da yaran ina suka je?" Littafin bai faɗa ba. Sunayen mazan ne kawai a rubuce, ko mace ɗaya ba a ambaci sunanta ba. An dai rubuta cewa Yonatan ɗan Asahel da wani sun ƙi amincewa da shawarar.

Nehemiya, gwamnan Yahuda wanda ya zo a 445, ya fi Ezra zafin hannu. Ya tarar da masu auren matan Ashdod da Ammon da Mowab, rabin 'ya'yansu ba sa jin harshen Yahuda. Ya tsine musu, ya doki wasu, ya tsige musu gashi. Har jikan babban firist ya kora, don ya auri 'yar Sanballat abokin gaban Nehemiya. Kin ga nan akwai harshe, akwai siyasa. Ina kuma ganin akwai gado, domin Littafin Ƙidaya sura 36 ya riga ya ce 'ya'yan Zelofehad mata, waɗanda suka gaji ubansu don bai bar ɗa namiji ba, su yi aure cikin kabilar ubansu don kada gona ta fita.

To amma koma baya ki duba dokar da suke dogara da ita. Littafin Maimaitawar Shari'a sura 7 ta lissafa al'ummai bakwai na Kan'ana, ta kuma faɗi dalili a fili: za su juya 'ya'yanku su bauta wa gumaka. Ba ta ce duk bare ba. Sura 23 ma ta ce kada a ƙi Bamasare ko mutumin Edom, tsara ta uku tasu na iya shiga taron jama'a. Ezra ne ya faɗaɗa abin, har maganar "zuriya mai tsarki" ta shigo, wato batun ya tashi daga wa kake bauta wa ya koma jinin wa ke jikinka. A ganina wannan sabon mataki ne na mutanen da ke tsoron narkewa.

Manyan gidan Isra'ila kuwa ba su bi wannan layin ba. Yusufu ya auri Asenat, 'yar firistin On a Masar, ita ta haifi Manassa da Ifraimu, kabilu biyu cur na Isra'ila. Musa ya auri Ziffora 'yar Madayana. Da Maryamu da Haruna suka yi gunaguni kan matarsa mutuniyar Kush, Maryamu ce ta kamu da kuturta, ta yi kwana bakwai a bayan zango. Rut kuwa 'yar Mowab ce, ƙasar da sura 23 ta ce mutanenta ba za su shiga ba har tsara ta goma, sai ga shi ta haifi Obed, Obed ya haifi Yesse, Yesse ya haifi Dawuda. Wasu masana na ganin an rubuta labarinta ne a matsayin martani ga tsaurin zamanin Ezra, wasu na ganin ya girme shi. Malaman Yahudawa na baya, a Mishna, littafin dokokinsu da aka tattara wajen shekara ta 200 bayan Almasihu, sun warware kullin da cewa hanin na mazan Mowab ne, ban da mata. A can ne kuma aka zaunar da dokar cewa ɗan da uwarsa ba Bayahudiya ba ce, uwar yake bi.

Wani abin da ba ya cikin littafin aji: a ƙarnin Ezra ɗin nan, akwai Yahudawa sojoji a tsibirin Elefantin da ke kogin Nilu, kusa da Aswan. An tono takardun aurensu da harshen Aramaik. Wata mai dukiya, Mibtahiya, ta auri Bamasare, wani ma'aikacin haikalinsu, Ananiya, ya auri baiwa Bamasariya, komai a rubuce da shaidu.

Saboda haka in za ki yi magana da kawu, cikin ladabi ki tambaye shi wanne yake tsoro: addinin yaron da ake maganar aurensa, ko yaren da jikoki za su tashi da shi, ko gonar gida. In yaron addininku ɗaya, sura 7 ba ta taɓa shi ba, sauran biyun kuma magana ce da iyaye za su zauna su yi.