Amsa: Tattara kalmomin Geji daga ƙauye ɗaya

Ka tambaya ko kalmomin da ka ɗauka a ƙauye ɗaya za su wakilci harshen Geji gaba ɗaya. A'a, ba za su isa ba. Geji, wanda Hausawa ke kiran masu shi Gezawa, yana cikin harsunan Cadi (dangin harsunan da Hausa ma ke ciki) na kudancin Bauci, kuma yana da kare-karen harshe uku: Gyaazi, Magang da Buu na Zaranda. Gyaazi da Magang suna kusa da juna, amma Buu ya yi nisa har wasu masana suna ɗaukarsa harshe mai zaman kansa. Ka ware masa nasa jerin daban.

Sharaɗi ɗaya: kada ka riƙa tambaya da Hausa kawai. Galibin Gezawa suna jin Hausa sosai, in ka ce "gishiri" sai a maimaita maka "gishiri". Nuna abin ko hotonsa, ka fara da dattawa, a faɗi kowace kalma sau 3 cikin na'urar ɗaukar murya, ka rubuta sunan ƙauyen. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, wato hawa da saukar murya a kalma, sai muryar.