Abin da jirgin nan zai iya ɗauka

Ɗana, tambayar da ka yi mini jiya muna naɗe kaya ta kwana a raina. Ka ce in ruwa ya yanke ƙauye, don me za mu tsaya ɗaukar hoto alhali mutane na fama da yunwa, me zai hana mu ɗaura wa dron, ɗan jirgin nan marar matuƙi, abinci mu aika musu.

Ɗauki wannan namu ka ji nauyinsa a tafin hannunka. Batirinsa da ƙyar yake yin rabin awa a sama, in iska ta taso ma bai kaiwa. Ko kamfanin Zipline, da suka fara kai jini asibitocin Ruwanda a 2016, suka shiga Gana a 2019, suka iso Kaduna a 2022, jirginsu mai fukafukai yana gudun wajen kilomita 100 a awa, amma kayansa ba su cika kilo 2 ba. Ya saki ɗan kwali da lema, ya juyo gida. Buhun shinkafa kuwa kilo 50 ne. Sawu fiye da 25 ke nan kan buhu guda, wanda mai kwalekwale zai jera da 'yan'uwansa ya tuƙa lokaci ɗaya.

Kayan dron shi ne marar nauyi wanda jinkirinsa ke kisa: ledar jini, allurar tsayar da jinin mai haihuwa, maganin dafin maciji. Macizai ma tudu suke nema in ruwa ya cika, tudun da mutane suka fake.

Kana ƙarami a damanar 2010, lokacin da gulbin Rima ya tumbatsa daga Goronyo har ya cinye gadar shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, aka koma ƙetarewa da kwalekwale. Abin da ya fi ƙona mini rai a irin wannan rana shi ne, ga abinci a mota, ga masu jirgin ruwa, amma ba wanda ya san inda mutane suke. Hoton da kake rainawa shi ke warware wannan. Ka tashi sama, ka ga rufin kwano ya nutse, can gefe ka hango tsibirin tudu, wata mata na kaɗa zane. Ka ɗauki lambar wurin a taswira, ka ƙirga kawuna, ka duba inda hanya ta karye, ka miƙa wa jami'an SEMA ko NEMA, hukumomin agajin gaggawa na jiha da na ƙasa. Sai kwalekwale ya nufi wurin kai tsaye, ba lalube.

Kafin ka kunna farfela, ka tabbata da izinin NCAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, da na ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, kuma kada ka kusanci filin jirgin Sultan Abubakar III. Ka fara sallama wurin mai gari, ka nuna masa jirgin a hannu. Mutanen gabashin jihar nan sun sha wuyar rashin tsaro, ƙara daga sama tana iya watsa su cikin ruwa. Hoton matan mutane cikin jiƙaƙƙun tufafi kuma amana ne, kada in gan shi a Facebook.

Gobe ka zo da sassafe. Batirin nan da ka bari a mota da rana ya kumbura kamar fanke, ka ware shi cikin bokitin yashi, kada ka sake cajinsa. Sauran ukun ka caje su a inuwa, za mu fita fadama ka koyi jera hotuna su zama taswira.